Jemage a Ɗakin Mai Jego

Shekarun baya, lokacin ina tsakiyar karatun digiri na uku a nan New York, sana'ata a idon danginmu ita ce kama ɓeraye. Duk bayanin da zan yi cewa ilimin dabbobi nake karantawa, a banza. In aka tambayi mahaifiyata a Kano me autarta take yi a Amurka, sai ta ce, "Tana dai karatu," ta yi maza ta ɗauko wata hirar.

Kuma gaskiya ba sharri suka yi mini ba. Duk shekara nakan bar birnin nan in bi malamina da abokan karatuna zuwa wani kurmi da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, mu share watanni muna kwana a tanti. Da la'asar mu shiga daji muna ɗana tarkuna, wasu 'yan akwatunan gwangwani masu ƙofar da ke rufe kanta, mu shafa musu niƙaƙƙiyar gyaɗa da ɗan manja a ciki. Gari na wayewa mu fita dubawa da sauri, don in ka makara kwarkwasa ta riga ka, sai dai ka tarar da ƙashi. Jemagu kuwa raga ake kafa musu, siririya kamar gashin kai, a gicciye bisa rafi kafin magariba. Cire jemage daga ragar nan shi ne aikin da ya fi ba ni wuya da farko. Ƙafafu za ka fara warwarewa, sai fiffike ɗaya, sai ɗayan, shi kuma yana ta surfa maka zagi da yarensu yana neman yatsanka. A sa shi a jakar yadi a auna, a gwada tsawon hannunsa, a sake shi ya kama gabansa. Kafin a bar mutum ya taɓa ko guda ɗaya, sai an yi masa allurar rigakafin haukan kare, domin cutar ba a jikin kare kaɗai take zama ba. Ni ma an yi mini.

Yayata tana zaune a unguwar Parkchester, a nan New York, da mijinta, mutumin Maraɗi, mai shagon atamfofi da turaruka a Harlem. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, har yayata ta daina zuwa sunan mutane don kada a riƙa kallonta da tausayi. Kwatsam sai ga ciki. A ƙarshen bazarar shekarar, ana tsananin zafi, ta haifi 'ya mace. Mahaifiyar mijin, wadda muke kira Hajiya, ta taso tun daga Nijar don ta kula da mai jego, ita ke kwana da su a ɗaki, maigidan kuma ya koma falo.

Ranar jajiberen suna na hau jirgin ƙasa mai lamba shida da hantsi, na sha lalle hannu da ƙafa, na ɗaura sabuwar atamfa, riƙe da ledar attarugu da albasa. Na tarar da gidan ya cika da mata, kicin sai ƙamshin cincin da dubulan. Mijin yayata mutumin kirki ne, amma akwai tsokana. Yana ganina ya hau dariya.

"Likitar kusu, sannu da zuwa. Kin makara, ɗan uwanki ya kawo mana ziyara ya tafi."

"Wane ɗan uwan nawa, Alhaji?"

"Birbiri mana. Ɗan ƙaramin jemagen nan. Da asuba yayarki ta tashi ba yarinya nono, sai ta gan shi yana zagaye ɗaki. Ihun da ta yi, na ɗauka gobara ce."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya. Ni kuwa ledar hannuna na ajiye a ƙasa.

"Ya fita?"

"Ya fita mana. Inna ta kaɗa masa zane, ya ɓace."

"Wa ya ga fitarsa?"

Ya ce babu wanda ya gani. Na ce taga a buɗe take? Ya ce a'a, iyakwandishan ke kunne, wa zai buɗe taga da zafin nan. Na ce ina jaririyar? Ya nuna ƙofar ɗakin da haɓa, ya ce tana barci, uwarta ta shiga wanka.

Ban san lokacin da na tsallake tabarmar mata ba. Na tura ƙofa, na sunkuci yarinyar daga gadonta, na fito, na ja ƙofar na rufe. Na miƙa wa Hajiya ita, na warci wani tawul na cusa a ƙarƙashin ƙofar. Kowa a falon na kallona kamar wadda aljanu suka hau.

Yayata ta fito daga banɗaki tana tambayar lafiya. Na yi ƙoƙari in yi magana a hankali. Na ce haƙorin irin wannan jemagen bai fi bakin allura ba, yana iya cizon mai barci bai farka ba, kuma a duba ba a ga tabo ba. Babba ma bai cika sani ba, balle jaririyar da ba ta yi sati ba. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, amma akwai ɗaiɗaiku masu ɗauke da cuta, kuma ba yadda za a yi a sani sai an kama shi da kansa lafiya an kai an gwada ƙwaƙwalwarsa. In aka fasa masa kai, ko aka bari ya gudu, shi ke nan an rasa amsar.

Fuskar Alhaji ta canja. Ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Haba ƙanwata. Gobe suna. Gida cike da mutane, kuma kin san ba kowa ne takardunsa suka cika ba. Ki kira mana ma'aikatan gwamnati saboda ɗan tsuntsu? In ma yana ciki, bari in buɗe taga in kora shi, magana ta ƙare."

Ban ga laifinsa ba ko a lokacin. Baƙinsa yake karewa. Amma ya riga ya ɗauko sandar goge ƙasa ya nufi ƙofar, ni kuma na sha gabansa na tsaya, abin da ban taɓa yi masa ba tun da ya auri yayata.

"Alhaji, don girman Allah kada ka buɗe. Cutar haukan kare nake jin tsoro. In ta riga ta nuna a jikin mutum, babu magani."

Hajiya ta ɗago kai daga kan jikarta.

"Mi kika ce, ɗiyata? Haukan kare?"

"Shi, Hajiya. Jemage ma yana ɗauka."

Sai ta ce tana yarinya a ƙauyensu kare ya taɓa cizon wani maƙwabcinsu, ɗan cizo kaɗan a dunduniya, har ya warke an manta. Bayan wani lokaci aka wayi gari ana kawo masa ruwa yana gudunsa, yana kuka da ƙishirwa. Ta ce har yau muryarsa na kunnenta. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Aje abin ga."

"Inna, ai..."

"Na ce ka aje. Ka ba yarinyar ga duk abin da ta ce."

Ya ajiye. Abin da na ce kuwa ba wani abin kirki ba ne: safar hannunsa ta fata da yake sawa lokacin sanyi, robar abinci mai garai-garai da ake ganin ciki, da ɓarin kwalin da aka kawo kayan jarirai a ciki. Ku kwatanta ni a ranku: sabuwar atamfa, ɗauri ya kafu, lalle ya kama, ga safar hunturu har wuyan hannu a tsakiyar zafin Agusta. Wata daga cikin matan ta kasa daurewa ta tuntsire da dariya. Na shiga ɗakin na rufo ƙofa.

Na fara da sama, domin lafiyayyen jemage sama yake nema ya maƙale. Na bi labule ninki bayan ninki. Na hau kujera na leƙa kan kwaba, na duba bayan agogon bango, na haska tsakanin akwatunan Hajiya da fitilar waya. A gefen iyakwandishan na ga wata 'yar kafa inda robar da aka toshe wurin ta zame, na gane ta nan ya shigo. Zuciyata ta ce to, wataƙila ta nan ya koma. Na zazzage zannuwan gado, na buɗe kowace jaka. Babu. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf, ina jiyo muryoyin mata a falo ƙasa-ƙasa, na san da ni ake. Na fara tunanin da wane ido zan fita in ce ban ga komai ba, bayan na tayar wa mai jego hankali a jajiberen sunan 'yar da ta yi shekaru tana roƙo.

Sai na yi abin da muke yi a daji in ido ya gaza. Na kashe iyakwandishan, na zauna a ƙasa, na yi shiru.

Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Can sai na ji wani ɗan ƙaras-ƙaras, kamar ana jan farce a kan yadi. Daga wajen gadon jaririya yake fitowa. Akwai wani zanen goyo da aka rataya a jikin gadon ta ɓangaren bango. Na rarrafa, na ja gadon a hankali, na leƙa.

Yana nan. Ɗan mitsitsi, ruwan ƙasa, ya maƙale a zanen, tsakaninsa da inda kan yarinyar yake ɗazu bai kai tsawon hannuna ba.

Na sha kama jemagu, na san yadda mai lafiya yake yi in haske ya dalle shi. Wannan bai yi yunƙurin tashi ba. Baki kawai ya buɗe, jikinsa na karkarwa. Ba a gane cuta da ido, amma wannan ba halin mai lafiya ba ne. Ba dama in kifa masa roba a jikin zane mai lilo, don haka na cire zanen daga gadon a hankali na sauke shi ƙasa. Yana taɓa ƙasa ya saki, ya hau jan jiki da gwiwar fukafukansa, da saurin da ban zata ba, ya nufi ƙarƙashin kwaba. In ya shige nan, sai an kwashe ɗakin kaf.

Na yi tsalle na faɗi rub da ciki, ɗaurina ya yi nasa wuri, gwiwata ta daki ƙafar gado, na kifa robar. Na tsaya a haka ban motsa ba, kumatuna a ƙasa, ina kallon cikinta. Yana ciki, lafiya lau, ko fiffikensa ban danne ba. Na zura kwalin ta ƙasa sannu a hankali, na juya robar, na ɗora murfi.

Da na buɗe ƙofa na fito ɗauke da shi, falon ya watse. Masu dariyar ɗazu har da mai hawa kujera. Wata ta shige kicin ta rufo ƙofa ta bar cincin ɗinta a wuta. Yayata kuwa da ta ji inda na same shi, sai ta karɓi 'yarta daga hannun Hajiya ta rungume, ta zauna a ƙasa tana ta salati.

Na liƙe murfin, na huda masa 'yan kafofin iska, na kira layin hukumar birni. Kafin la'asar suka turo wani ma'aikaci. Ko falo bai shigo ba, a bakin ƙofa ya karɓi robar, ya tambayi wa da wa suka kwana a ɗakin, ya ɗauki lambar wayata, ya tafi. Bai nemi takardar kowa ba. Na ga Alhaji ya sauke ajiyar zuciya. Daga nan muka kai yarinyar asibiti. Likitar yara ta duba ta tun daga tsakar kai har tafin ƙafa, ba ta ga tabo ba. Ta ce tun da dabbar na hannu, sakamako ba zai daɗe ba, mu koma gida amma kada wayar ta yi nisa da ni.

Washegari aka yi suna. An yi taro mai kyau, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da mutanen Zango na Ghana, kowa da irin Hausarsa. Labari ya riga ya zagaya, abokan Alhaji suna ta tsokanata, wani ya ce akwai gafiya a bayan shagonsa, ko zan zo in duba lafiyarta. Na yi ta yaƙe. Na san ɗan jemagen ba zai fito da rai daga gwajin ba, ni da na saba buɗe hannu in sake su, wannan ma ya tsaya mini a rai. Addu'ata ɗaya ce ranar: Allah ya sa a ce babu komai, a yi ta yi mini dariya har in tsufa.

Bayan an watse da kwana ɗaya, ina kicin ina wanke manyan tukwanen da aka aro, waya ta yi ƙara. Wata mata ce daga ma'aikatar lafiya. Ta tabbatar ni ce, sannan ta ce an gwada, jemagen yana ɗauke da cutar. Duk wanda ya kwana a ɗakin a kai shi asibiti yau, ba gobe ba.

Na fito da kumfa a hannuna. Ban iya wani kewaye-kewaye ba, na faɗa musu yadda aka faɗa mini. Yayata ta fashe da kuka. Na durƙusa gabanta na riƙe ta, na ce, "Yaya, saurare ni. Ba a makara ba. In aka yi allurar kafin cuta ta nuna, tana tare ta. Shi ya sa muka kama shi." Alhaji ya miƙe. Ya ɗauki makullin mota, muka fita.

A asibiti aka yi musu allurar su uku, jaririyar da uwarta da Hajiya. Kukan da yarinyar ta tsala da allura ta shige ta, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba, kuka ne na mai ƙarfi. Hajiya da ta yi ta ba kowa baki a mota, ana zuwa kanta ta runtse ido ta damƙe hannuna tana kiran sunayen Allah, har sai da ma'aikaciyar ta ce mata ai an gama tun ɗazu. Likitan da ke kula da su ya tambaya wa ya kama jemagen bai fasa shi ba. Yayata da Hajiya da Alhaji suka nuna ni a tare. Ya ce yawancin mutane korarsa suke yi ta taga su manta da zancen. Ya miƙo mini hannu, na ɗan rusuna na dafe ƙirji, ya gane ya yi murmushi.

Na fita baranda in sha iska, sai ga Alhaji ya biyo ni. Ya tsaya kusa da ni yana kallon motoci.

"Ƙanwata," ya ce, "da na buɗe tagar nan..."

Bai ƙarasa ba. Ya sa hannun riga ya share fuska. Na ce, "Ai ba ka buɗe ba, Alhaji." Muka tsaya a nan har aka kira mu.

An yi ta komawa ana ƙarasa sauran alluran a makonnin da suka biyo baya, kuma kowane zuwa da ni ake yi. Ranar ta ƙarshe, ma'aikaciyar na cewa an kammala, Hajiya ta miƙe a tsakiyar asibitin mutane ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Mai gadi ya taho da gudu. Yayata tana dariya tana hawaye tana ba shi haƙuri, ni kuwa Hajiya ta kama hannuna ta ɗaga sama kamar wadda ta ci dambe, ta ƙi saki har muka kai bakin lif. Na karɓi takardun shaida iri-iri a rayuwata, na tsaya gaban manyan malamai na yi bayani an tafa mini, amma ban taɓa jin kaina ya kai inda ya kai a wannan ranar ba.

Har yau in na ba da labarin nan ina ƙarawa da cewa kada a tsani jemagu. Su ke cinye ƙwarin da ke damunmu, wasunsu su ke shuka da yawa daga itatuwan kurmi da 'ya'yan da suke yarwa, kuma shi ma wancan ɗin bai zaɓi ciwonsa ba. Abin da nake roƙo kawai, in an tashi an ga jemage a ɗakin da mutum ya yi barci, musamman yaro, kada a kore shi, kada a fasa masa kai. A rufe ƙofa a kira masu abin.

Abin da ya zauna mini a rai kuwa daban ne. Na yi shekaru ina koyon wani aiki a wuri mai nisa, cikin ruwan sama da cizon ƙwari, ina ganin duniyata daban, ta gidanmu daban. Ban taɓa kawowa a raina cewa ranar da aikin zai fi amfani, a hawa na biyar na benen su yayata zai same ni ba, da lalle a hannu.

Yarinyar yanzu tana firamare, ga surutu kamar rediyo. Ana yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci, in ta so a saya mata wani abu ne kawai Hausarta ke fitowa tas. Ba ta san labarin nan duka ba tukuna. Kwanan baya ta kira ni a waya don ta kawo mini ƙarar uwarta, wai an hana ta kallo sai ta gama aikin makaranta. Ina tsaye a tasha, jirgina ya zo ya buɗe ƙofa. Ta ɗauko bayani tun daga farko, da wanda ya ce da wanda bai ce ba, ko numfashi ba ta ja. Na bar jirgin ya tafi. Na nemi benci na zauna, na ce mata, "Ina jin ki, ci gaba."